Yayen Takwarata da Waƙar Aro

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara ba, na yi kishi da wata mata irin wanda ban taɓa yi da kowa ba. Kan waƙar yara ne. Yanzu in na tuna dariya nike yi, amma a lokacin ko tuwo da ƙyar yake wuce mani maƙogwaro.

Ni ba mai waƙa ba ce. Maganar ma ba ta dame ni ba. Mahaifiyata ta rasu a shekarar yunwa ina 'yar ƙarama, ban riƙe fuskarta ba balle muryarta. Gwaggona ce ta ɗauke ni, nan ƙauyenmu na ƙasar Koona. Mace ce mai aiki, ba ta duka, ba ta kuma lallashi. In na yi kuka sai ta miƙo mani tsintsiya ko guga. Ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma kaɗan na taɓa. Na yi aure, na haihu, wasu suka tsaya, wasu suka koma. Maigida ya rasu ya bar mani gona da rumbu da ɗa namiji guda, 'ya'ya matan duk sun tafi gidajen aurensu. 'Ya'yan nan da fura na raine su, da "yi mani shiru". Sun yi shirun kuwa, sun girma.

Matar da nike magana Bafillatana ce, mutanen arewa da mu, wajen Cake ta ƙasar Mayahi. Kowace shekara in an gama girbi sai su gangaro da shanu su sauka gonarmu. Shanu su ci kara su bar mamu taki, mu kuma mu ba su damman hatsi. Tun zamanin uban maigidana haka ake. Ita ke shigowa gari da ƙwaryar nono da hantsi. Tun daga bakin rijiya za ka san ta iso, saboda hayaniyar yaran da ke bin ta. Bakinta ba ya zama haka nan. In ta ga yaro da majina, tana da waƙar majina. In ta ga mai giɓi, tana da ta giɓi. Ta kama yatsun ƙafar yaro tana ba kowane ɗaya sana'a, wannan mahauci, wannan maƙeri, har ta kai ga ƙaramin ta ce shi ɓarawon nono ne, ta yi mashi cakulkuli. Duk garin Inna ake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ɗana tun yana yawo ba wando can rugarsu ya tare. In na neme shi zan aike shi, sai a ce yana ruga. Ya dawo yana tsalle yana rera abin da ban sani ba. Wata rana ina gaban murhu na ji yana gaya ma ɗan maƙwabta wai duk duniya ba wanda ya kai Inna daɗin baki. Na ƙara mashi tuwo, don abin da na iya ke nan. Yawan zuwa rugar nan da aure ya ƙare. Ya girma ya ce ɗiyar Inna yake so. Dangi suka yi surutu, ni ban yi ba, yarinya ce mai kunya mai aiki. Ya ɗauke ta suka zauna Tasawa inda yake kabu-kabu da moto.

Da cikin fari ya tsufa ta tafi gidansu haihuwa kamar yadda aka saba. Ta haifi mace, ɗana ya sa mata sunana. Ranar da labari ya iso na ji wani sanyi a ƙirji. Na ce to, ko ba a faɗa ba, an san wadda ta sha wuya.

Ashe sunan kawai na samu. Jego a rugarsu can arewa aka yi shi, ya kuma ja, don damina ta tare hanya. Inna ta ba jaririya karsana, haka al'adarsu take. Ni na kai akuya da zanen goyo. Ku ɗaure akuya kusa da karsana ku ja baya ku duba, za ku san yadda na ji. Bayan sun koma Tasawa ma abin bai canza ba. In na je, yarinya ta kalle ni ta cusa fuska cikin zanen uwarta. In Inna ta yi sallama, tun daga zaure take miƙa hannu tana zillo kamar za ta faɗo. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Sai in ce rana ta yi, in ɗauki mayafina in nemi mota.

Yaye ya zo ba shiri, don uwar ta samu wani ciki, dole a cire yarinya daga nono. Ya kuma faɗo bayan girbi, Fulani na gonarmu. Na kira ɗana na gaya mashi magana ɗaya: Inna ta ci jego, yaye nawa ne. A wurinmu kakar da ta yaye yaro sau da yawa ita ke riƙe shi, ya zama ɗan ɗakinta. Abin da nike so ke nan. Ɗakina ya yi shiru da yawa, har motsin gara nike ji a azara.

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin moto.

"Iya, yarinyar ba ta saba da ke ba."

"Za ta saba."

Ya ce to. Amma in ranar kasuwa ta zagayo ba ta kama cin abinci ba, zai ɗauke ta ya kai ruga, don ba zai zuba ido ta lalace ba. Na ce ya tashi ya tafi, esansin motonsa na ƙonewa.

Ranar Juma'a aka kawo ta, da rubutun malam a kwalba da 'yan kayanta a leda. Uwar ta sulale ta bayan ɗaki tana share ido. Ni na shirya tsaf. Na dama kunun tsamiya, na dafa ƙwai, na yanka kaza, har alewa na saya, ni da ban taɓa saya ma kaina ba.

Takwarata ta waiga ba ta ga uwa ba, ta buɗe baki. Ban san ƙaramin jiki na ɗaukar murya haka ba. Kunu ta ture. Ƙwai ta murƙushe ta watsa ma kaji. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai ta galabaita. Na ce yi mani shiru, ta ƙara. Na ce ga kura nan bayan danga, ta ƙara. Duk abin da ya yi aiki kan 'ya'yana, a kanta banza ne.

Kukan bai ci mani rai ba kamar abin da take yi in ta gaji da shi. Sai ta tako ta dafa gwiwata, tana rangaji gaba da baya, tana bubbuga mani cinya, idonta a kan bakina, tana cewa "gora, gora". Na san abin da take roƙo. Duk garin ba wanda bai san waƙar gora ta Inna ba. Sunana ke kanta, ɗakina take kwana, kazata aka yanka mata, amma bakin wata take nema.

Maƙwabciyata, tsohuwar ƙawa ce mai bakin tsiya, ta leƙo ta kan danga ta ce ruga ga ta nan kusa, in aika a kira matar mana kowa ya samu barci. Na ce in ta sake faɗi, zan toshe ƙofar da ke tsakaninmu da ƙaya. Ta ce to sai in yi waƙar da kaina. Na ce zan yi, ai ba sama take ba.

Na jira rana ta take, kowa ya shige ɗaki. Na zaunar da yarinya kan tabarma a gabana, na gyara zama, na yi gyaran murya. Na harhaɗa abin da na tsinta a bakin yaran gari na saki. Muryar ta fito kamar ƙofar kwano mai tsatsa. Akuyata ta daina tuƙa ta juyo tana kallona. Yarinya ta yi tsit, na ce alhamdulillahi, ashe numfashi take tarawa. Da ta sake shi har kaji suka watse.

Sai ga kan maƙwabciya bisa danga.

"Lafiya dai? Wa ya rasu?"

Na jefe ta da ludayi. Ta ɗauke, ba ta maido ba sai da aka kwana biyu.

Wasa ya fara fita daga maganar. Idon yarinya ya soma faɗawa, wuyanta ya yi siriri, kukan ma ya rage ƙarfi, wanda ya fi mai ƙarfin ban tsoro. Ni na san wannan kama. Na gan ta a fuskar waɗanda suka koma. Ga kasuwa gobe. Na san in ɗana ya shigo ya gan ta haka, ko zama ba zai yi ba, kuma ba ni da bakin hana shi.

Duk kwanakin nan Inna ba ta leƙo gidana ba. Na ce a raina girman kai ne, ta miƙe ƙafa tana jira a kai mata har gida. Na yi ta ƙulla ta, ina daka ina ƙulla ta, ina shara ina ƙulla ta.

Da hantsi na miƙa yarinya wurin maƙwabciya na nufi gona. Da gangan na ƙi tafiya da ita, don in ta ɗora ido kan Inna magana ta ƙare. Gonata ce, na san kowane kututture a ciki, amma ranar kamar baƙuwa na shiga. Na same ta gindin gawo, ƙafa a miƙe, gorar nono a cinya tana girgizawa don fidda mai. Ta tashi ta shimfiɗa mani tabarma. Ta yi mani gaisuwar nan tasu mai tsawo, gida, gajiya, sanyi, awaki, maƙwabta. Ba ta tambayi yarinya ba. Amma idonta ya yi ja kamar wadda ta wuni cikin hayaƙi.

Na ce, "Waƙar gora na zo ki ba ni."

Ta dube ni. "Yaya, ke da waƙa?"

Ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da na tashi.

"Yarinya ba ta ci. Gobe ubanta zai zo."

"Na sani. Iska na kawo mamu kukan har nan."

"Kina ji, kika zauna?"

"In na shigo ta gan ni, za ta ƙara yarda da ke?"

Na hau karya wani kara da ke gabana.

Ta tambaye ni ko na gwada yi mata. Na ce na gwada, na zaunar da ita gabana na yi. Ta kama baki. Ta ce yarinyar nan ba ta taɓa ganin waƙar nan a fuskar mutum ba, a baya ta san ta. Tun ana jego, in uwar ta shiga wanka, ita ke goya ta ta zauna kaɗa nono. Jiki na tafiya da gora, murya na bi ta ƙashin baya ta shiga ƙirjin yaro. Wanda ya zaunar da ita ya tsare ta da ido yana buɗe baki, tsoro kawai zai ba ta.

"Ki goya ta, ki sa hannunki aiki, ki bar baki ya bi hannun. Ba ruwanta da daɗin murya."

Na ce wannan na ƙarshen dai ya yi mani daidai.

Ta ɗauki gorar ta ci gaba da girgizawa, ta rera a hankali don in kama:

Gora, gora, ba ni mai,
Fara ta wuce, Ja ta biyo,
Baƙa ta tsaya bakin tabki,
karsana 'yar tsakiya
ta wa ce? Ta mai kuka ce,
in ta yi shiru a ba ta ita.

Bayan wannan akwai baitoci da yawa, kowace saniya da nata, har da wani bijimi mai gardama da ba ya shan ruwa sai an roƙe shi. Ta sa na yi ta maimaitawa kamar 'yar allo. Ni da furfurata, cikin gonata, ina biya karatu gaban matar da na kwana ina ƙullawa. Da zan tashi ta miƙo mani gorar ta ce in tafi da ita. Na ce ina da abin aikina. Ban so a ce waƙa aro, gora ma aro.

Kafin in kai bakin rijiya rabin shanun sun watse mani daga kai. Bijimin ma ban san inda na yar da shi ba. Na karɓi yarinya, na goya ta tana tirjiya tana yaƙushina, na ɗaure zane tamau. Na zuba hatsi a turmi, na ɗauki taɓarya, na fara. Bugun taɓarya ba irin na gora ba ne, ya fi nauyi, ya fi jinkiri. Sai waƙar ta ja ƙafa ta bi shi. Kukan bai tsaya ba, amma ya sauya, ya zama na mai sauraro. Na bi Fara, na bi Ja, na bi Baƙa, na kai karsana, sai kaina ya ƙafe. Na ji ta fara miƙa ƙafa za ta tayar. Ni ban san shanu ba, ban san me suke yi bayan sun sha ruwa ba. Na dubi abin da ke gabana na faɗi abin da na gani:

Turmi, turmi, ba ni gari,
gero ya zo, yunwa ta gudu,
rumbu na nan bayan ɗaki,
damin da ke can ƙasa
na wa ne? Na mai sunana ne,
ko ta yi kuka a ba ta shi.

Ban shirya shi ba. Ƙarshen dai na san inda ya fito. Inna cewa take in ta yi shiru a ba ta. Ni bakina ya ƙi faɗin haka. Na yi kukan yunwa ina ƙarama, aka ce sai na yi shiru, na yi shirun, ba a ba ni komi ba.

Na yi ta juyawa, gora, turmi, gora, turmi, har hatsin da na zuba don surfe ya koma tsaki. Can sai na ji kanta ya sauka tsakanin kafaɗuna, da nauyi, da ɗumi. Ta yi barci. Na tsaya da taɓarya a sama na kasa saukewa, kar ƙara ta tashe ta. Maƙwabciya ta leƙo za ta buɗe baki, na zare mata ido, ta koma.

Da ta farka ban sauke ta ba. Na zamo da ita gefen haƙarƙari, ina ci gaba da gunguni ƙasa-ƙasa, na kai mata ludayin kunu ina kallon wani wuri kamar ba ruwana. Ta kurɓa. Ta tsaya. Ta kama ludayin da hannu biyu.

Washegari ɗana ya iso tun kafin kasuwa ta cika. Ya same ni bakin turmi, ita a bayana da dunƙulen fura a hannu, baki duk kunu. Ta rame, ba a ɓoye wannan, amma tana ci. Ya tsaya bakin ƙofa ya manta bai kashe moto ba.

"Iya, ke ce na jiyo daga waje kina waƙa?"

"Turmi ne."

Ya yi murmushi, ya daɗe yana kallon ɗiyarsa. Sannan ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba, "Ni ba ki taɓa yi mani ba."

Na ce kai ai kana da Inna. Ya ajiye ledar sabulu da sukari da ya kawo, ya tafi kasuwa. Bai ɗauke ta ba.

Bayan nan ne maƙwabciya ta tambaye ni ko ban lura da wani abu ba. Tun Juma'ar da aka kawo yarinya, ba a sake jin tallar nono a unguwarmu ba. Inna zagayawa take ta bayan gari da ƙwarya a kai, ta shiga ta ɗaya gefen, ta kuma kori yaran da ke bin ta don kar su taho da waƙa bakin dangata. Matan unguwa har sun fara mita wai sai sun aika nesa kafin su sami nonon fura. Haka ta yi ta yi har yarinya ta zauna sosai.

Kuna tsammani daɗi na ji? Na gode mata, na aika mata da dami mai kyau daga ƙasan rumbu. Amma can ciki wani sabon kishi ne ya tsiro kan tsohon. Ta fi ni waƙa, na haƙura. Yanzu kuma ta fi ni hali. Mutum ya duba sama da ƙasa ya rasa inda zai kama ta.

Kafin su tashi su koma arewa, ni da kaina na kai mata yarinya ruga. Tun daga nesa ta zame daga bayana ta ruga ta faɗa jikin Inna. Na juya ina duba takin da shanu suka bari kamar shi ya kawo ni. Suka yi yatsun ƙafa, suka yi mahauci da maƙeri, aka nuna mata karsanarta. Da la'asar na miƙe na kakkaɓe zane ban kira ta ba. Sai na ji ƙananan hannuwa sun kama ni ta baya, tana ɗaga ƙafa a goya ta. Na goya ta na yi sallama da sauri, kar ta sake shawara.

Ta zauna wurina. Ta yi wayo, ta shiga lakwal ɗin garinmu, ɗakina ya daina shiru har na fara neman shirun.

Ana nan uwarta ta sake haihuwa, muka tafi suna Tasawa. Gida cike da mata, rana tsaka, ana jiran tuwo. Inna na zaune gefena kan tabarma ɗaya. Jaririn wata baƙuwa ya ƙi shiru, an yi jijjiga an gaji. Takwarata ta ce a goya mata shi. Aka yi dariya aka goya mata. Ta ɗauki muciya tana buga ƙasa a madadin taɓarya, ta buɗe baki: "Turmi, turmi, ba ni gari." Da jan ƙafar nan tawa, da nauyin nan, har inda nike tsayawa in ja numfashi nan take tsayawa. Yaran gidan suka kewaye ta suna amsawa.

Inna ta ɗaga hannu.

"Ke 'yar nan, da gora ake farawa."

"A'a Inna, da turmi ne. Gora daga baya take zuwa."

"Wa ya gaya maki?"

"Kowa ya sani. Ai waƙar Kaka ce."

Na ce mata ta Inna ce, ita ta ba ni. Yarinya ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce to. Ta koma kan turminta.

Inna ta jawo ƙwaryarta ta hau gyara faifan da ba abin da ya same shi. Ta ɗaga, ta mayar, ta juya shi. Can ta matso kusa da kunnena.

"Yaya, aro na ba ki. Ban ce ki sa taki a gaba ba. Kin kuma lalata ƙarshen. Yaro cewa ake in ya yi shiru."

"A gidana ko yana kuka yana ci."

Ta ja tsaki. Tun da nike da matar nan, tun muna da ƙuruciya, ban taɓa jin tsakinta ba. Ashe ita ma tana da shi, ɓoyewa ta iya. Da aka kawo tuwo na ci, na ce a ƙaro.

Na daɗe ina ɗaukar waƙar yara aikin wanda bai da aiki. Yaro in ya ƙoshi, me kuma yake nema? Haka na raini nawa. Sai da takwarata ta kusa lalacewa a hannuna, ga kaza ga ƙwai a gabanta, na gane akwai inda tuwo ba ya kaiwa. Ga nawa 'ya'yan na makara. Maganar da ɗana ya yi bakin ƙofa har yau tana nan inda ya ajiye ta, ban sami abin da zan ɗora a kanta ba. Ya girmi goyo. In ya zo sai in ƙara mashi tuwo.

Kishin kuwa ba zan yi maku ƙarya ba, bai tafi ba. Bana ma sun sauka gonar. Ta tsufa, wata jikarta ke ɗauko mata ƙwarya, amma yara na nan bayanta kamar da. Waƙoƙinta sun isa cika rumbu. Ni guda ce tawa, rabinta ma aro. In na jiyo hayaniyarsu daga bakin rijiya, abin nan sai ya motsa mani a ƙirji, in ja tsaki in jawo turmi.

Amma duk wanda hanya ta biyo da shi unguwarmu da hantsi, lokacin da mata ke daka da goyo a baya, ya tsaya bakin danga ya saurara. Da turmi ake farawa.